Burodi Biyu a Aljihu

Litinin da hantsi waya ta yi ƙara a ofis,
aka ce gobe masu duba makarantu suna tafe.
Nan take sanyin Bradford ya shiga ƙashin shugaba,
ya hau ƙirga makullai kamar mai jan carbi.
Ni kuwa ina kicin, hannuna cikin kumfa,
ina kankare ƙanzon wake daga gindin tukunya.

Talata ta zo da yayyafi da mace guda,
Misis Hargreaves, baƙar jaka, takalmi marar ƙara.
Ta tsaya a ƙofa ta ga ko za a tare ta.
Aka tare ta, aka rataya mata kati a wuya,
ta yi ɗan murmushi, ta rubuta.

Ta buɗe babbar rajista, sunayenmu a jere:
wa aka binciki tarihinsa, yaushe, wa ya sa hannu.
Har ni, Asabe mai rabon abinci, layi na talatin da ɗaya,
an tona bayana tun daga Funtuwa har nan,
ba a samu komai ba sai tsohon bashin kuɗin jirgi.

Ta girgiza ƙofar baya, ta leƙa akwatin magani,
sannan ta zauna a kujerar yara, gwiwa kusa da haɓa,
ta ce, in abu ya dame ku, wa kuke faɗa wa?
Wasu suka ce malama. Wata ta ce karenmu.
Kieran, ɗan shekara bakwai, bai ce uffan ba,
ya ɗaga yatsa ya nuna tagar kicin.

Haka ta iske ni, da ludayi a hannu.

Ta ce, me kika gani?
Na ce, burodi biyu a aljihu, kowace Juma'a,
tun watan da ganye ya fara zuba.
Yaro ba ya ɓoye abinci don ƙoshi.
Riga ɗaya mako uku, wuyanta ya dafe.
Ta ce, sai kika yi me?

Nan harshena ya yi nauyi.
Ni da aka raina a kan rufin asiri,
aka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba,
kwana uku na yi ina ƙara masa cokali a ɓoye,
ina cewa uwarsa ma mutum ce, kada in tona ta.
Dare na huɗu barci ya ƙi ni.
Ɗa na kowa ne, to shirun nan na wane ne?
Da safe na ɗauki takarda mai ruwan ɗorawa,
na cika ta da Turancina mai ɗingishi:
rana, lokaci, abin da ido ya gani, ba ƙarin gishiri,
na kai wa Mista Oyelaran kafin a kaɗa ƙararrawa.

Ta ce, kwana uku?
Na ce, kwana uku.
Ba ta yi faɗa ba. Alƙalaminta ne ya yi doguwar tafiya.

Ta bi takardar kamar mai bin sawun ɓatacciyar akuya,
daga hannuna zuwa ofis, daga ofis zuwa hukuma,
wa ya buga waya, ƙarfe nawa, wa ya koma ya duba.
A ƙarshen sawun akwai uwa da aikinta ya ƙare
da firiji da babu komai a ciki sai haske.
Yanzu duk Alhamis ana kai musu kwali.

An ce rahoto zai fito bayan makonni.
Ban san da wace kalma za a auna mu ba.
Kwana ukun nan dai ni ke ɗauke da su,
ina hawa bas da su, ina sauka da su.

Juma'ar nan Kieran ya miƙo faranti.
Na saci kallon aljihunsa, a kwance yake.
Ya ce, Anti Asabe, ƙara mini wake.